Sabon zanen tatu da ƙwayar cutar da ba ta jin magani: yaya ake kiyayewa?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure ce. Idan aka yi wa mutum sabon tatu, wato zanen da ake cusa tawada cikin fata da allura, me ya kamata ya yi a makonnin farko don kada ƙwayar nan da ake kira MRSA ta kama wurin? Na ji ana cewa ba ta jin magani. Shin shan antibayotik tun ranar farko zai zama riga-kafi? Kuma ta yaya za a gane ja da kumburin da aka saba gani, da wanda ke nuna cuta ta shiga?

Nas Mai Wankin Miki:

Wa'alaikumus salam, Malam. Na mako biyu zuwa huɗu, wurin nan miki ne, ba ado ba. Allurar injin tana huda fata sau dubbai, tana ajiye tawada kimanin milimita 1 zuwa 2 a ciki, kuma kowane huji ƙofa ce a buɗe. Sau da yawa ƙwayar ba daga nesa take zuwa ba. Tana cikin hancin mutum ko ƙarƙashin farcensa. Ya sosa hanci, ya kai yatsa ya shafa zanen don ya ji ko ya bushe, ya dasa ta da hannunsa ke nan.

Don haka hannu ne farkon magana. Kafin a taɓa wurin, a wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da bakin farce. Sannan a wanke zanen sau biyu a rana da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar turare, gwamma na ruwa, domin sabulun dunƙule da kowa ke amfani da shi yana tara datti. Da tafin hannu za a wanke a hankali, ba da soso ba. A cire yauƙin nan mai santsi da ke taruwa a sama, domin shi ke bushewa ya zama ɓawo mai kauri, ƙwayar cuta ta samu mafaka a ƙarƙashinsa. A tsane da tishu mai tsabta, dannawa ake yi, ba gogewa ba, a yar da shi. Tawul ɗin banɗaki da ke rataye a jiƙe kada ya kusanci wurin. A bar shi ya sha iska kamar minti 5 zuwa 10, sai a shafa mai marar turare, siriri sosai. In wurin yana ƙyalli kamar an zuba masa mai, ya yi yawa, a rage da tishu. Mai mai kauri yana kulle danshi, fata ta jiƙe ta yi fari, ta yi laushi.

Ledar ko bandejin da aka naɗe wurin da shi a shago yawanci bayan 'yan awanni ake cirewa. Filastar asibiti mai shara-shara da ke manne wa fata tana iya kwanaki, amma da zarar gefenta ya ɗaga ko ruwa ya fara tsiyayowa, a cire, a wanke. Filastar da ta buɗe ta fi rashinta illa: ruwa na shiga, ba ya fita.

Ban da iyo, ban da jiƙa wurin cikin baho ko tafki har sai ɓawo ya gama zuba da kansa. Ban da susa da ɓantarar ɓawo, ko da ƙaiƙayi ya kai ƙaiƙayi. A ɗan bubbuga da hannu mai tsabta. A sa tufa mai yalwa ta auduga, a canza zanin gado a daren farko, kada kare ko kyanwa su lasa ko su kwanta a kai. Tabarmar wurin motsa jiki da ƙarafan da kowa ke kamawa da gumi, a haƙura da su tukuna.

Kan tambayarka ta ƙarshe: a kwana 2 zuwa 3 na farko, ja, ɗumi, ɗan kumburi da ruwa garai mai gauraye da tawada ba abin tsoro ba ne. Ma'aunin shi ne kowace rana ta fi jiya sauƙi. Idan zafi na ƙaruwa bayan kwana 3, ja na faɗaɗa ya wuce iyakar zanen, wurin na zugi, ga mugunya mai kauri ko ƙurji mai taurin gindi kamar maruru, cuta ta shiga. Masu MRSA da yawa suna zuwa suna cewa gizo-gizo ne ya cije su, alhali ba su ga gizon ba. A ɗauki biro a zagaye bakin jan, a rubuta lokaci. In ya tsallake layin, ba a jira gobe. Jan layi da ke hawa zuwa hammata ko matsematsi, kaluluwa, rawar sanyi, ko zazzaɓin da ya kai digiri 38, wannan na asibiti ne a ranar.

Ɗan Ɗakin Gwaji:

Sista ta gama da ɓangaren gida. Ni zan koma baya, domin wata cutar tun a kan kujerar mai zane ake ɗaukarta, kuma babu wankin da zai fitar da abin da allura ta riga ta cusa.

MRSA wani nau'i ne na ƙwayar bakteriya da ake kira Staphylococcus aureus. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da wannan ƙwaya a hanci lafiya ƙalau, kuma a ƙiyasin CDC, hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Amurka, kimanin 2 cikin 100 ne ke ɗauke da nau'in mai bijire wa magani. An fara gano shi a Ingila a 1961.

A 2006 CDC ta ba da rahoton mutum 44 da suka kamu da MRSA a jihohin Ohayo, Kentaki da Bamont a 2004 da 2005, aka bi sawu aka tarar da masu zane 13 marasa lasisi. Wasunsu suna sa safar hannu, amma ba sa canzawa tsakanin mutum da mutum. Akwai masu haɗa allura da wayar gita, suna ɗiban tawada daga injin buga takarda. Goma daga cikin mutanen nan ma ba daga allura suka kamu ba, daga cuɗanya da waɗanda suka kamu ne.

Abin da za ka zuba wa ido ke nan: a buɗe sabuwar allura daga ledarta a gabanka, a zuba tawada a ɗan ƙaramin kofi na amfani sau ɗaya, ragowar a zubar, ba a mayar da ita kwalba ba. Rezar aske wurin sabuwa. In mai zanen ya taɓa waya ko marfin ƙofa, ya canza safa. Ƙarafan da ake sake amfani da su sai sun shiga tukunyar tururi ta asibiti mai matsin lamba, wadda ke kai digiri 121. Tafasawa ko gogewa da sifirit bai wadatar ba. Tambayi kuma da wane ruwa yake sirka tawada don ta yi toka-toka. Ruwan famfo ba ya cikin lissafi, sai ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. A 2012 an wallafa labarin mutum 19 a Rocesta ta jihar Niyok da suka kamu da wata ƙwayar cutar daban, Mycobacterium chelonae, daga tawada mai ruwan toka da ta zo a sirke. Alamarta daban ce: ƙananan ƙuraje ja a daidai inda launin ya shiga, bayan mako ɗaya zuwa uku, kuma maganinta na watanni ne.

Mai ciwon suga, mai ƙyasfi ko wani ciwon fata a wurin, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su ga likita kafin a fara.

Mai Harhaɗa Magani:

Ɗan'uwa, amsar tambayarka kan shan antibayotik a matsayin riga-kafi ita ce a'a, kuma ina roƙonka kada ka yi. MRSA tana da wata ƙwayar gado da ake kira mecA, wadda ke sa ta gina bangon jikinta da wani furotin da dangin fenisilin ba sa iya kamawa. Amoxicillin, Ampiclox, cloxacillin, cephalexin, duk wucewa suke yi ta gefenta. Abin da shansu zai yi shi ne kashe ƙwayoyin da ke jin magani a jikinka, ya share wa mai taurin kan fili.

Haka man antibayotik na shafawa. Mai ɗauke da neomycin yakan jawo borin fata, wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi, a zaci cuta ce, a ƙara shafawa. Mupirocin da fusidic acid magunguna ne masu amfani, amma yawan shafa su ba bisa ƙa'ida ba ya sa ƙwayar ta fara bijire musu. Sifirit da haidirojin faroksaid kuwa suna ƙona sabon naman da ke tofowa. Mafi muni shi ne man nan masu haɗin sitiroyid: ja zai lafa, mutum ya saki jiki, cuta na ci a ƙasa.

Idan mugunya ta taru, babban magani shi ne likita ya tsaga ya fitar da ita, ya aika samfur ɗakin gwaji. Sakamako kan ɗauki kwana 2 zuwa 3, ya nuna wane magani ke kama ta. Co-trimoxazole, doxycycline ko clindamycin sukan yi aiki, mai tsanani kuma a kwantar da shi a sa masa vancomycin ta jijiya. Zaɓin na likita ne, domin doxycycline, alal misali, ba a ba mai juna biyu. In an fara magani awa 48 babu sauƙi, a koma.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maganar mutum goman nan ta tsaya mini. In ƙurjin ya riga ya fito, yaya za a kare mutanen gida? Kuma matse shi ba zai rage ba?

Nas Mai Wankin Miki:

Kada a matse, Malam. Matsa tana tura mugunyar cikin nama, ta kuma bar ta a yatsu. A nan dokar ta juya: mikin da ke zubar da mugunya rufe shi ake yi da busasshen bandeji mai tsabta, a canza da zarar ya jiƙe. Tsohon bandejin a ƙulle shi cikin leda kafin a jefa a shara, a wanke hannu kafin da bayan. Tawul, reza, sabulu, man shafawa da zanin gado, kowa da nasa. A wanke kayan mai ciwon da ruwan zafi, digiri 60 in yadin zai jure, a busar da su ƙarau, domin ƙwayar na iya kwanaki har makonni a kan tufa da kayan ɗaki. Marfin ƙofa, kan famfo da waya a riƙa goge su kullum. In maruru ya fito wa wani a gidan, ko ya dawo wa mai ciwon bayan ya warke, a faɗa wa likita cewa an taɓa samun MRSA, don a duba hancin 'yan gidan a yi musu magani tare.