Neman shawara: PS5 ɗaya ko PS4 biyu, kusa da teburin mai shayi a Tawa?

Ɗan Wadata, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa, manya da ƙanana. Shawara nake nema, kuma wanda ya san harkar ya faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Wana da ke Abijan ya aiko mini da jika 700, ya ce in kama sana'a a gida in bar zancen bin sa ci-rani. Babanmu yana da shago a ƙofar gida wanda ba kowa ciki, rufin kwano ne, taga ɗaya. A bakin shagon ɗan baffana yake da teburin shayi da kafe, kuma kullum da dare fada guda ce ke zama a wurin. Niyyata in mai da shagon gidan wasan PlayStation, a buga ƙwallo a biya dala 20 kowane wasa, shi ya sai da kafensa, ni in samu nawa.

Ga inda na tsaya. Raina yana kan PlayStation 5, wato PS5, don ba mai ita a layinmu, kuma na san ranar da aka ji na kawo ta wurin zai cika. Amma in na saye ta da babbar tele, abin da zai rage ba zai taɓuka komai ba. Wani abokina ya ce in nemi PS4 biyu na hannu da ƙananan tele biyu. Ga ɗaukewar wuta, ga zafin garinmu. Sannan Inna ba ta so, ta ce zan tara mata ƴaƴan mutane a ƙofar gida a riƙa jin kanmu da maƙwabta. Me kuka gani?

Mai gyaran na'ura, Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. PS4 biyu, kuma samfurin Slim, wanda ya fito a 2016. Ba don PS5 ba ta da kyau ba, a'a, don shagonka da aljihunka ba su kai gare ta ba tukuna.

Fara da lissafi. Wasan ƙwallo ɗaya, da zaɓen ƙungiya da gardamar jera ƴan wasa, yana cin kusan minti 15. Wasa 4 ke nan a awa, dala 80 a kan na'ura ɗaya. Na'ura biyu, dala 160. Kafin PS5 ɗaya ta kawo maka abin da PS4 biyu za su kawo, sai ka sa wasa dala 40, kuma kai ka san aljihun yaran unguwarku. Ranar da ta samu matsala kuwa, ka rufe shago. Mai biyu ko ɗaya ta kwanta yana ci gaba da ɗayar.

Sai zafi, wanda shi ne babban abin da ke kawo mana waɗannan na'urori gyara. Kamfanin Sony da kansa ya rubuta cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 5 da 35. Tawa a watan Afrilu da Mayu tana wuce 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. PS4 Slim lokacin wasa ba ta kai wat 100 ba, PS5 kuwa tana iya cin kusan 200, kuma duk wutar da na'ura ta ci zafi take komawa cikin ɗakin. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ta toshe hanyar iska. PS4 kowane mai gyara na kirki zai buɗe ta, ya share fankar, ya canza man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar na'urar da ƙarfen sanyaya ta. PS5 narkakken ƙarfe aka sa mata a wurin, ba kowane hannu ke taɓa shi ba, don in ya zubo a kan allon wutar an yi asara.

Saboda haka, kafin ka sayi komai, ka yi wa rufin nan silin, ko da na zana ne ko tabarma, ka fasa taga ta biyu iska ta riƙa ratsawa. Na'urar a ɗora ta kan katako a sama, kada a ƙasa, kada cikin akwati ko kabad, a bar mata fili ta baya.

Abu na ƙarshe, manet, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga wasan. Ita ce ke cin kuɗin mai gidan wasa, ba na'urar ba. Sandar da ake juyawa da babban yatsa tana gajiya, sai ka ga ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Na'ura biyu, ka tanadi manet 6. Ta PS5 ta fi tsada nesa, kuma ta PS4 ba ta buga wasannin PS5. Ka yi hattara da jabu, sun cika kasuwa.

Ɗan Barsa

Yaya, da girmamawa, amma PS4 fa tun 2013 take. PS5 ta fito 2020, kuma wasan GTA VI da duniya ke jira ba zai zo kan PS4 ba. Yara suna ganin komai a TikTok, sun san bambanci. Wanda ya fara kawo PS5 unguwa shi ke da suna.

Mai gyaran na'ura, Yamai

Gaskiyarka a kan GTA VI, ƙanena. Amma shiga kowane gidan wasa ka duba me ke kan tele: ƙwallo ce, Real da Barsa, safe da yamma. Tun da FIFA ta koma EA Sports FC a 2023, FC 24 da FC 25 duk sun fito a kan PS4. Akwai kuma masu son PES 2021 har gobe, ita ce ta ƙarshe kafin Konami ta mai da wasan eFootball, wanda yawancinsa sai da intanet. Mutum biyu zaune gefe da gefe ba sa buƙatar intanet ko biyan kuɗin wata. In shagon ya tsaya da ƙafafunsa, ribarsa ta sayi PS5, kuma faya-fayan PS4 da ya tara kusan duka za su yi aiki a kanta in mai karɓar faifai ce.

Mai sola, Tawa

Ɗan uwa, ni ta wuta zan yi magana, don a nan kuɗinka ya kamata su fi zama. Kowa ya tuna 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka yi watanni ana ji a jika. Ko yanzu lokacin zafi ka san yadda ake yi. Kuma ba duhun kaɗai ba ne matsala. PS4 tana ajiye komai a faifai mai juyawa, in wuta ta ɗauke tana cikin aiki, yau da gobe sai ta fara rikicewa, wani lokaci wasan da aka ajiye ya lalace. Dawowar wuta da ƙarfi kuma ita ke ƙona kaya.

Ga lissafin kayanka: PS4 biyu mu ce wat 200, tele biyu masu inci 32 mu ce wat 100, fanka da ƙwai biyu mu ce 100. Jimla 400. In kana son awa 5 ba wutar gari, kana buƙatar wat-awa 2,000. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma in na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ake sha in ana son ya daɗe, wato 1,200. Ka ga sai guda biyu. Na litiyom ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, kuma ya fi tsawon rai, sai dai kuɗin farko ya fi.

Shawarata kada ka fara da farantan sola. Ka sayi inbata mai caji, wato na'urar da ke juya wutar batir, wadda ke ba da wuta mai tsabta irin ta gari, da batir, wutar gari ta riƙa cika shi, in an ɗauke ta juya da kanta. Farantai ka ƙara daga baya, rana ba ta ƙare wa Tawa. Batirin kuma shi ma ba ya son zafi, a nema masa lungu mafi sanyi. Ƙaramin janareta kada ka haɗa shi kai tsaye da na'urorin, wutarsa hawa da sauka take, ga ƙara ga hayaƙi a ƙofar gidan tsofaffi. Kuma tulun dafa ruwa na lantarki na ɗan baffanka kada ya kusanci layin nan, shi kaɗai yana cin wat 1,500 ko fiye.

Hajiya Maman Biyu

Ɗana, duk sun yi maka maganar ƙarfe, ba wanda ya taɓo maganar mahaifiyarka, alhali ita ce ta fi nauyi. Abin da take tsoro ba ƙarya ba ne. Mu iyaye mun ga yaron da aka aika cefane ya karkata da canjin, mun ga wanda ya fita da jakar lakwal bai isa ba. In haka ta faru a shagonka, ba kai za a zo wa ba, wurin Innarka za a zo da sallama.

Kada ka buɗe sai ta sa albarka. Ka zauna da ita, ka faɗa mata ƙa'idojinka da bakinka: ƙarfe nawa za ka buɗe, ƙarfe nawa za ka rufe, kuma da an kira salla a kashe tele. Ka ɗauki Babanku ku je ku gaida mai unguwa da liman da maƙwabta na dama da hagu. Wanda aka sanar da shi tun farko, in ya ga abin da bai yi masa ba kai zai kira gefe, ba zai kai ƙara ba.

Mushe, Koufan Tawa

Na goyi bayan Hajiya. In ƙara: ranar lakwal kada yaro ya shiga sai an tashi, kuma da magariba ƙanana su tafi gida, dare na manya ne. Watan Mayu da Yuni, lokacin da ƴan jarrabawar BEPC da BAC ke shiri, ka ƙara tsanantawa, iyaye za su riƙe maka wannan.

Ka kuma duba lambar da ke jikin kwalin kowane wasa, shekarun mai bugawa take nufi. Na ƙwallo 3 aka rubuta. GTA da Mortal Kombat 18 ne, akwai kisa da jini da abin da ba za ka so ƙanenka ya gani ba. Ni da za ka ji tawa, ƙwallo da tseren mota sun ishe ka. Babban abin da nake jiye maka shi ne caca. Daga “wanda aka ci ya biya wasan” ake zarcewa zuwa ajiye kuɗi a kan tebur, daga nan sai faɗa. Ranar farko ka hana, kuma ka rubuta a bango. Ka leƙa ma'aikatar magajin gari ka ji abin da ake biya na sana'a, ka riƙe takardarka.

Majo

Ƙanena, ni kafen ne ya ja hankalina. Haɗa wasa da kafe da dare ciniki ne mai kyau, amma ku san abin da kuke sayarwa. Kofi ɗaya na kafen gari yana da sinadarin kafeyin miligiram 60 zuwa 80, gwargwadon cokalin da aka zuba. Ga babba mai lafiya, masana sun ce har 400 a yini ba laifi. Yaro kuwa ba haka ba, kuma jiki yana ɗaukar kusan awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha. Wanda ya sha mai kauri ƙarfe 10 na dare, ƙarfe 3 rabinsa na nan a jininsa, ga lakwal da safe. Ƙanana a ba su madara da burodi ko lemun zoɓo.

Sai abin da kowa ya sani ba a son faɗa: masu jefa tramol cikin kafe. Ba na zargin kowa a fadarku, amma wuri in ya yi jama'a kowa zuwa yake. Ku yi magana da ɗan baffanka tun yau, duk wanda aka gani da shi a sallame shi. Ƙwayar nan tana sa farfaɗiya, muna ganinsu a gidan likita.

Tsohon ɗan Abijan

Majo ya gama magana. Ni ɗan ƙari ne ga mai shayin. Kafen da ake nomawa a Kodebuwa nau'in robusta ne, ya fi arabika kafeyin kusan ninki biyu, shi ya sa yake da ɗaci da ƙarfi. In wanka zai aiko da saƙo, ya sa maka niƙaƙƙen kafe na tacewa, ku gwada irin na Senegal da ake kira kafe Tuba. Kimba ake soyawa a niƙa tare da shi, wasu su ƙara kanumfari, a tace da ƙyalle mai tsabta. Ƙamshinsa kaɗai yana tsai da mai wucewa. Amma kofi ya tsaya waje. Manet da sukari ba sa shiri, kuma tururuwa da kyankyasai suna bin zaƙi su shige cikin na'ura don ɗumi.

Ɗan Wadata, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ji, daren nan zan zauna da Inna, kuma in ba ta yarda ba zan jira. Na karkata ga PS4 biyu da batir. Yaya mai gyara, tambaya ɗaya ta rage: ta hannu zan saya, me zan duba kada a sayar mini da wadda ta gaji? Wani ya ce yana da wadda aka riga aka cika da wasanni masu yawa, ba sai na sayi faifai ba.

Mai gyaran na'ura, Yamai

Wadda aka cika ɗin nan an fasa tsarinta ne. Ba ta shiga intanet ɗin PlayStation, wasannin na sata ne, kuma ranar da yaro ya danna sabuntawa duk sun daina buɗewa. Faifai biyu ko uku na asali sun ishe ka, kuma faifan PS4 ba ruwansa da ƙasar da aka saye shi, na Faransa ko na Dubai duk yana yi.

Ranar saye kada ka yi gaggawa. A kunna a gabanka, ka sa faifai ka ga tana karɓa tana fitarwa, ka buga wasa aƙalla rabin awa. In fankar ta fara kuka da ƙarfi ko na'urar ta mutu da kanta, ajiye ta. Girgiza wayar tele kaɗan a bakin ramin HDMI, in hoto yana ɗaukewa ramin ya kwance. Duba takardun da aka manna a kan kusoshin baya, in an ɓare su an taɓa buɗe ta, sai ka tambayi dalili. Kowace manet ka ajiye ta a kan tebur cikin wasa ka ga ko ɗan wasan zai motsa shi kaɗai. Mai sayarwa ya cire asusunsa ya goge na'urar a gabanka, kuma ku yi yarjejeniyar mako ɗaya na gwaji da shaida. In ka samu wadda ta yi maka, turo mini hoton lambar samfurin da ke bayanta. Slim tana farawa da CUH-2, in ka ga CUH-1 tsohuwar ce mai cin wuta, sai ka rage farashi.