Na sa Ubuntu sauti ya ɗauke, a taimaka min

Sagir: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Na sa Ubuntu 24.04, wato wani nau'in Linux, a laptop ɗina tare da Windows saboda aikin makaranta, komai na yi har Wi-Fi amma sauti ko ƙyas, in na shiga wajen saita sauti ba abin da nake gani sai Dummy Output, na maƙala iyafis ma shiru, amma da na koma Windows ƙara ta dawo lafiya lau. Wani mai gyara a kasuwar Terminus ya ce in sauko da direban Realtek, wato manhajar da ke sa katin sauti aiki, na sauko da shi ya ƙi buɗewa. Laptop ɗin Intel Core i5 ce jenareshan na 11.

Bashir: Wa alaikumussalam. Buɗe taminal, wajen rubuta umarni, ka rubuta alsamixer, in ka ga MM a ƙasan Master ko Speaker to a rufe yake, danna M ya koma 00. F6 kuma na zaɓen katin sauti ne.

Malam Nura: Bashir wannan na wanda na'urarsa ta ga katin ne. Dummy Output na nufin ba ta ga katin ba sam, me zai buɗe? Sagir ƙanina ka goge wancan fayil ɗin, .exe ne na Windows, ka yi asarar data kawai. A Linux ba a yawon neman direban sauti a intanet, yana cikin kanel, wato zuciyar Linux ɗin, tun farko, ALSA ke nan, sai PipeWire a samansa yana raba sauti wa manhajoji, shi Ubuntu ke amfani da shi tun 22.10. Irin waɗannan Intel na baya-bayan nan suna da wani ɗan guntu mai sarrafa sauti da ba ya tashi sai da firmware na SOF, wato 'yar manhajar da ke tada shi. Rubuta aplay -l da kuma sudo dmesg | grep -i sof ka turo abin da ya fito.

Auwal: Ni fa shi ya sa na haƙura da Linux wallahi 😂

Sagir: Malam na farko ya ce no soundcards found, na biyun kuma jan rubutu ne a kan sof firmware ya kasa lodi.

Malam Nura: Yauwa. sudo apt install --reinstall firmware-sof-signed sannan ka kashe ta ka kunna. Za ka ga wasu na cewa a sa snd_intel_dspcfg.dsp_driver=1 a GRUB, manhajar da ke tada Ubuntu in an kunna laptop, eh yakan dawo da sifika, amma yawanci makirfon cikin laptop ɗin zai mutu tunda ta SOF yake bi, kai kuma ɗalibi ne kana buƙatarsa a Zoom. Bar shi sai in komai ya ƙi.

Hauwa: Ƙari a kan na Malam, tunda kana da Windows a gefe ka shiga Control Panel wajen Power Options ka cire Fast Startup, don ba ta kashe na'urar gaba ɗaya, sai ka dawo Ubuntu ka tarar katin ya rikice. Tawa sai da na yi haka ta daina, yau da sauti gobe babu.

Sagir: Alhamdulillah sifika ta tashi, Allah ya saka da alheri Malam, Anti Hauwa na cire shi ma. Sai dai in na sa iyafis ƙarar ba ta komawa can.

Bashir: Sa pavucontrol, manhajar saita sauti, ka je Output Devices ka canza Port zuwa Headphones, in ya ƙi ka turo hoton shafin Configuration mu gani.