Inshorar lafiya: wa ya san abin da takardarsa ta ɗauke masa?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Makon jiya zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da abokin ɗakina, ɗan Cadi ne da ya zo karatu nan Damagaram. Yana da takardar inshora da mahaifinsa ya biya masa a gida, ya ɗauka ko'ina za ta yi aiki. Muka je kantin magani, suka ce ba su san kamfanin ba. Karo-karo muka yi, jaka goma sha biyu. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani.

Ƴar Zango:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Ni da na yi aure ina shekara ta biyu, na ɗauka kyautar magani ta gwamnatin Nijar ta haɗa da ni. Ashe tsarin da aka fara a 2006 ya fi shafar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa. Ɗana aka duba kyauta, ni kuwa da ciwon haƙori ya kama ni, daga aljihu na biya.

Ɗan Garin Malam:
Wa alaikumus salam. Ni a Faransa na yi karatu. Can rajistar ɗalibin waje a Assurance Maladie, wato inshorar lafiya ta gwamnati, kyauta ce, ta intanet, amma sai ka yi da kanka. Na yi wata huɗu ban yi ba, don na zaci rajistar jami'a ta wadatar. Kuma kashi 70 cikin 100 na kuɗin ganin likita suke maida maka, saura sai in kana da mutuelle, wato ƙarin inshora mai cike abin da ya rage. In ba ka zaɓi likitanka na dindindin ba, sai ya sauko zuwa kashi 30. Abin da ya fi yi mini ciwo: kafin katin Vitale, wato katin inshorar, ya fito, likita ya ba ni wata takarda, na ɗauka rasit ne na yar. Ashe ita ake aikawa a maido da kuɗin. Ƙannena masu shirin tafiya, ku adana ta.

Ƴar Zango:
Yaya, wannan ko a gida ba mai zaunar da mu ya yi mana bayani.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. Jiya da dare muka zauna muka karanta takardar abokin ɗakin nawa layi-layi. A shafi na biyu, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa cikin Cadi kaɗai take aiki. Jiki ya yi sauƙi alhamdulillahi, yau zai kira babansa.