Kwana a tanti da hawan dutse a hutun bazara: awa nawa, kuma wane kaya?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, za mu kafa tanti a wuri mai tsayin mita 2,000, kullum mu hau mu sauko. Hanyar farko kilomita 10 ce zuwa da dawowa, hawan kuma mita 900. Awa nawa za ta ci? Tunda lokacin zafi ne, ƙaramin bargo ya isa?

Mai Taswira:
Wa alaikumus salam, Malam. Akwai lissafin da wani mai hawan duwatsu, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Taku ta kama awa uku da rabi, ban da hutu. Ku ɗauka awa biyar, domin mai baya shi ke yanke wa ayari sauri.

Amma lokacin tashi ya fi wannan lissafin muhimmanci. Da bazara rana na gasa duwatsu, iska mai ɗumi ta hau sama, bayan azahar hadari ya haɗu. Ku kama hanya da ƙarfe shida, ku bar ƙololuwa kafin sha biyu. In kun ga walƙiya, ku ƙirga daƙiƙa har tsawa ta iso. Kowace daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ce. Ƙasa da talatin, ku sauko nan take. Kada a fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ko a bakin kogo.

Hajiya Mai Tanti:
Ɗan'uwa, don Allah ka bar zancen ƙaramin bargo. Zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000, wato inda za ku kwana ya fi bakin teku sanyi da digiri 13, kafin ma dare ya raba. Kowa ya riƙe jakar barci, wato bargon da aka ɗinka kamar jaka ake shiga ciki a kwanta, da shimfiɗar soso. Ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki, jakar kuwa ba ta tare komai a inda nauyinka ya danne ta.

Rigar auduga ma matsala ce: tana shan zufa ta ƙi bushewa, da iska ta kaɗa sai rawar ɗari. Ulu ko yadin roba, sannan rigar ruwa a jaka ko da sama tarwai take.

Wajen kafa tanti, ku guji gindin kwari, can sanyi ke taruwa da dare. Busasshen rafi kuwa ko kusa, ruwan da aka yi can sama na iya gangarowa alhali ko ɗigo bai sauka a kanku ba. Ku ba bakin ruwa tazarar mita 60, ku bar kafar iska a buɗe, in ba haka ba numfashinku zai jiƙa rufin ya riƙa ɗiga.

Ɗan Tsauni:
Sun gama magana, sai ruwan sha. Rabin lita a awa, wato lita biyu da rabi ga kowa. Na rafi sai an tafasa, a wannan tsayin minti uku, domin ruwa na tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Risho kuma a waje kawai. Cikin tanti yana tara iskar guba marar wari, tana kisa cikin barci. Da zarar diddige ya fara zafi, a tsaya a manna filasta kafin ya yi bororo.