Kun taɓa naciya da addu'a a kan abu ɗaya har kuka gaji?

Wata uwa, Kafanchan: Salama 'yan'uwa. Ɗana na fari ya faɗa shaye-shaye, shekara da shekaru ina kai shi gaban Ubangiji. Yanzu har nauyin ambaton sunansa nake ji a taron addu'a na ranar Laraba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mini yadda ya yi bai karaya ba.

'Yar Zumuntar Mata, Jos: 'Yar'uwa, ki daina jin nauyi. Ni haihuwa na nema, har dangin miji suka fara habaici. Labarin Hannatu a 1 Sama'ila 1 ne ya riƙe ni: leɓunanta na motsi ba a jin murya, har Eli firist ya zaci ta bugu. Akwai daren da ni ma magana ta ƙare mini. Sai in gama wanke-wanke, in durƙusa a kan tabarma in ce "Ubangiji, ka sani," shi ke nan. Yarinyar yanzu tana firamare.

Dattijon ikkilisiya, Gombe: Na gode wa Allah dominki, 'yata, amma tawa ba haka ta ƙare ba. Mun yi azumi, mun kwana addu'a saboda ciwon mai ɗakina, duk da haka ta rasu. Abin da ya fi mini zafi shi ne wani da ya zo ta'aziyya ya ce da bangaskiyarmu ta kai da ta warke. To Bulus fa? Sau uku ya roƙi a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Ku duba 2 Korintiyawa 12. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? Ban daina addu'a ba, amma ba na yi wa kowa alkawarin yadda amsa za ta zo.

Wani matashi, Zariya: Baba, Allah ya ƙara haƙuri. A ƙungiyar matasa mun yi gardama a kan Luka 18. Wasu na gani kamar sai an ishi Allah da roƙo, yadda gwauruwar da ke cikin misalin Yesu ta ishi alƙali. Ni dai abin da na fahimta: alƙalin ba ya tsoron Allah, ba ya ganin kowa da gashi, amma ya saurare ta, balle Uba mai ƙauna. Tun daga nan na rage ihu a addu'ar neman aiki. Aikin dai har yanzu shiru.

'Yar Katolika, Kontagora: Mama, ki tuna Monika. Ta daɗe tana hawaye a kan ɗanta Agustin, sai a shekarar 387 Bishop Ambros ya yi masa baftisma a Milan, kuma a shekarar ta rasu. Ni ƙanena ne, ƙwaya yake sha. Muna addu'a, muka kuma kai shi asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Wata uwa, Kafanchan: Na gode muku duka. Baba na Gombe, maganarka ta shige ni. 'Yar'uwa ta Kontagora, ya kuka yi ya yarda ya bi ku asibitin? Nawa da ya ji an ambaci likita sai ya bar gidan.