Zarto filinmu ke buƙata ko ƙarin tsawo?

Injiniya: Salam jama'a. Na karanta takardar da kwamitin gyaran fili ya rabo har sau biyu kuma ni dai ga matsayata tun kafin babban taro, filin golf ɗinmu ba tsawo yake buƙata ba, zarto yake buƙata. A sare bishiyoyin da suka lulluɓe girin (wato lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin da ake zura ƙwallo), a tono tsofaffin bututun ban ruwa, a yi magudanai, sannan a zo a yi maganar sabbin ti na baya (ti shi ne wurin da ake yin bugun farko a kowane rami) da tafkin da ake so a haƙa gaban rami na 18. Duk wanda ya buga rami na 4 da na 7 kwanan nan ya ga yadda ciyawar girin ta zama faci-faci, kuma duk shekara sai mu ɗora wa masu kula da fili laifi alhali rana ce ba ta isa wajen sai kusan tsakar rana.

Alhaji Babba: Wa alaikumus salam. Injiniya kana maganar sare bishiya kamar maganar yanke farce. Wasu daga cikin bishiyoyin nan da hannunmu muka dasa su lokacin da filin nan fayau yake ba inda mutum zai raɓe, wasu kuma an dasa su ne don tunawa da membobin da suka riga mu gidan gaskiya. Mu da muke taka rami 18 da ƙafa mun san amfanin inuwa. Ban yarda ba.

Injiniya: Allah ya ƙara girma Alhaji, ba duka nake nufi ba. Waɗanda ke gabas da kudancin girin nake magana, su ke tare hantsi. Ciyawar girin ana aske ta ƙasa sosai, milimita 3 zuwa 4, ganyenta kaɗan ne don haka in ba ta samu rana da iska ba raɓa na daɗewa a kanta sai cuta ta shiga, ga saiwoyin bishiya suna bi ta ƙasa suna shanye ruwa da takin da muka saya da kuɗinmu. Ku dubi Oakmont a Amurka, kulob ne na membobi kamar namu, tun shekarun 1990 suka fara sara har suka cire bishiya sama da 10,000, kuma a wannan filin aka buga babbar gasar US Open a 2007 da 2016 da 2025, ba wanda ya ce ya yi sauƙi.

Alhaji Babba: To ai ka faɗi rabin labarin ne. A ɓoye suka fara saran nan, da asuba kafin membobi su iso, su share garin katako su rufe gurbin kututture da ciyawa don kar a gane. Abin da nake gudu kenan a yi mana. Na biyu kuma Oakmont tun da Henry Fownes ya gina shi a 1903 buɗaɗɗen fili ne, daga baya aka cika shi da bishiya, su komawa asali suka yi. Mu wane asalin za mu koma?

Kyaftin: Ku bari in shigo. Ni na goyi bayan ƙarin tsawo a kwamiti kuma har yanzu ina kai. Yaranmu masu handikaf ƙasa da 5, wato gwanayen cikinmu, yanzu da direba (sandan dogon bugu) da weji (sandan gajeren bugu) suke gama yawancin fa 4 ɗinmu, wato ramukan da aka ƙiyasta a gama da bugu huɗu, ramukan yashin da aka sa don su kama bugun farko duk sun zama ado, ƙwallo na wuce su a sama. In muna so a kawo mana gasa mai daraja dole filin ya yi haƙori. Augusta ma da kanta, kulob ɗin da ake buga gasar Masters a Amurka, sai da ta sayi fili daga kulob ɗin da ke maƙwabtaka da ita ta ja ti na rami na 13 baya, daga yadi 510 ya koma 545 a 2023, to mu su wa.

Hajiya: Kyaftin don Allah mutum nawa ne a kulob ɗin nan suke buga irin wannan nisan? Ka ƙirga su da yatsu. Mu mata da dattawa da yaran da ke koyo mu ne muka fi yawa a ranakun mako kuma ba wanda ya tambaye mu, akwai fa 4 har uku da ko na yi bugu biyu mafi kyau a rayuwata ba zan kai girin ba, kullum fa 4 ya zama min fa 5, ina daɗin yake? In za a gina ti a gina na gaba tukuna, masu faɗi a daidaice, ba ɗan tudun da aka dangwala mana a gefen hanya kamar an tuna da mu a makare ba. Tun 2011 hukumomin golf na Amurka suke kiran mutane su matsa gaba su buga daga nisan da ya dace da ƙarfinsu, wasa ya fi sauri kuma mutum ya koma gida da farin ciki.

Injiniya: Hajiya ta gama magana. Ƙari a kai Kyaftin, a Disambar 2023 R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf, sun sanar za su canza yadda ake gwada ƙwallo don a rage mata nisa, masu dogon bugu a cikin ƙwararru za su rasa wajen yadi 13 zuwa 15, irinmu kuwa bai kai yadi 5 ba. Wato masu dokar wasan da kansu suna ja da baya mu kuma muna shirin kashe kuɗi mu bi nisa.

Kyaftin: Yadi 15 ba zai dawo da ramukan yashinmu cikin wasa ba Injiniya, wasunsu yadi 40 ake wuce su.

Injiniya: To a matsar da ramukan yashin gaba mana, ya fi arha a kan sayen ƙasa da shimfiɗa sabuwar ciyawa da za a yi ta shayarwa ana askewa har abada.

Oga mai kula da fili: Ranku ya daɗe na gode da aka sa ni a wannan magana, ni ba memba ba ne amma ni nake kwana da tashi da ciyawar nan. Abin da ba ku gani shi ne na ƙarƙashin ƙasa. Bututunmu sun tsufa, yau a liƙe nan gobe ya fashe can, yarana rabin lokacinsu tono suke yi maimakon gyaran girin, kawunan feshi kuma wasu na zuba ruwa ya yi yawa wasu ba sa kaiwa shi ya sa kuke ganin wuri ɗaya caɓi kusa da shi kuma a bushe ƙamas. Girin ɗinmu na tsohon yayi ne, ƙasar wurin aka tara aka shuka ciyawa a kai. Tsarin da USGA ta fitar tun 1960 shi ne a sa bututun magudana a ƙasa, a zuba tsakuwa inci 4, a ɗora cakuɗen yashi inci 12, in an yi ruwan sama ya tsane da wuri a ci gaba da wasa. Namu in an yi ruwa mai ƙarfi sai mun rufe na 4 da na 11 kwana biyu. Sannan wani abu da mutane ba sa lura, girin yana tsukewa a hankali, mai tuƙa injin aski duk zagaye yana ɗan kauce wa baki don kar ya ƙwaƙule, shekara da shekaru sai girin mai kusurwoyi ya koma da'ira ƙarama, wuraren kafa tuta na gefe-gefe duk sun ɓace, sai mu yi ta kafa ta a tsakiya wurin ya gaji da taku. Na soka ƙarfe a gefen na 9 na tarar da tsohon bakin girin ya wuce na yanzu da taku da yawa.

Alhaji Babba: Oga ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah, bishiyoyin ne ko bututun?

Oga mai kula da fili: Ranka ya daɗe duka biyun ne amma ba a kowane rami ba. Na 4 da na 7 bishiya ce, ko an sa musu sabon girin na zinariya in inuwar nan tana nan zai sake mutuwa. Na 11 ruwa ne, kwari ne wajen. Bishiyoyin da ke gefen feyawe (hanyar ciyawa tsakanin ti da girin) nesa da girin da ti kuwa ba ruwana da su, wasu ma sassabe rassan ƙasa kawai suke so iska ta ratsa.

Barista: Kafin a ɗauko zarto akwai abin da ba a taɓo ba. Layin bishiyoyin da ke tsakanin na 7 da ti na 8 su ke tare ƙwallon da ta karkace, haka na bakin iyaka wajen titi. Ranar da aka cire su ƙwallo ta sami mutum a ka ko ta fasa gilashin motar mai wucewa, kulob za a kama, kuma tambayar farko da za a yi ita ce wa ya ba da shawarar cirewa kuma da wane nazari. A wurare da yawa ma sare babbar bishiya sai da izinin hukuma. Ina so duk bishiyar da za a taɓa mai zanen fili ya sa hannu a rubuce, kamfanin inshora ya gani.

Injiniya: Na yarda da a rubuta Barista. Amma bishiya ba katanga ba ce, ƙwallo na ratsa ta, wani lokacin ma ta fi haɗari don wanda ke ti na 8 ba ya ganin mai bugu balle ya kauce. In wurin na da haɗari a karkatar da ti ɗin shi ne magani.

Ma'aji: Duk na ji ku. Ni tambayata ɗaya ce wa zai biya kuma a rufe filin ko kar a rufe. In aka rufe rami 18 gaba ɗaya ɗan kwangila zai shigo da injinansa sau ɗaya ya gama, girin duka su tashi iri ɗaya, amma wata da watanni ba wasa, ba kuɗin baƙi, kantin kulob da ɗakin cin abinci su mutu, kadi-kadinmu masu ɗaukar jakar sanduna su rasa abin yi, kuma wasu membobin in suka saba da wani kulob ba za su dawo ba. In aka yi tara-tara, wato a rufe rami tara a bar tara, muna da inda za mu buga amma aikin zai ja shekara biyu ko fiye, a biya kuɗin kawo injina sau biyu, farashin kaya ya tashi a tsakani, rabin girin sabo mai tauri rabi tsoho mai laushi. Kuma ko wanne aka zaɓa sai an ɗora wa membobi kuɗin gyara na musamman ko a ci bashi. Tafkin na 18 ni kam ban ga inda zai shiga lissafi ba.

Kyaftin: Tafkin shi ne abin da baƙo zai tuna da shi. Kuma za a iya tara ruwan ban ruwa a ciki.

Barista: Kyaftin ka tuna Wentworth a Ingila. Zanen Harry Colt ne na 1926, aka ba ƙwararren ɗan wasa Ernie Els ya sake masa fasali, aka ɗaga girin aka zurfafa ramukan yashi aka sa ruwa gaban na 18, da aka buɗe a 2010 ƙwararru da yawa suka yi ta suka, bayan gasar da aka buga a can a 2016 aka sake tono shi aka cire ramukan yashi da dama aka sassauta. Kulob mai kuɗi irin wannan ya biya sau biyu, garin neman gira aka kusa rasa ido.

Hajiya: Kuma tafki gaban girin mu yake hukuntawa, mai dogon bugu ko kallonsa ba ya yi, mu da ƙwallonmu ke mirginawa ta ƙasa mu za mu yi ta zuba ta ciki.

Injiniya: In misalin da ya yi kyau ake nema a dubi filin Pinehurst mai lamba 2 a Amurka, zanen Donald Ross. Bill Coore da Ben Crenshaw sun gyara shi a 2010 zuwa 2011, suka ɗauko tsofaffin hotunan sama suka bi, suka cire ciyawar raf, wato doguwar ciyawar gefen feyawe, kusan eka 35 suka bar yashi da ciyawar daji, suka cire ɗaruruwan kawunan feshi, ruwan da ake sha ya ragu sosai, a 2014 aka buga US Open na maza da na mata a kai mako biyu a jere. Raguwa suka yi ba ƙari ba. Alhaji kun tambayi wane asali za mu koma, a nemo tsofaffin hotunan filinmu da zanen farko in yana nan a ofis, a ba mai zane ɗaya ya yi babban tsari na shekaru, kowane sabon kwamiti ya bi shi. Abin da ya ɓata filin nan kowane kyaftin in ya hau sai ya dasa nasa layin bishiya ko ya haƙa nasa ramin.

Kyaftin: Wannan ta ƙarshen da ni kake, na ji. Zan iya haƙura da tafkin amma ti na baya a rami huɗu ko biyar ba zan janye ba, ba su da tsada in ana cikin aikin bututu, kuma ba wanda aka tilasta wa ya hau su.

Hajiya: In dai na gaba suna cikin kwangila ɗaya da naka ba a ce sai kashi na biyu ba, ba ni da ja.

Alhaji Babba: Ni har yanzu da sauran magana. Hotunan farko za su nuna fili ba bishiya don lokacin ba mu da halin dasawa ne, ba don haka mai zanen ya so ba, kar a fake da su. Sharaɗina uku. A ɗaura ƙyalle a jikin duk bishiyar da ake son cirewa a bar shi wata guda kowa ya gani. A auna awa nawa rana ke sauka a girin na 4 da na 7 a lokacin da rana ta fi karkata, a kawo mana a rubuce. Waɗanda aka dasa da sunan mamata kuma ba mai taɓa su sai an je an gaya wa iyalansu.

Oga mai kula da fili: Awon rana abu ne mai sauƙi ranka ya daɗe, akwai manhaja a waya da ke nuna hanyar rana a kowane wata, zan tsaya a tsakiyar girin in ɗauko muku. Amma in sanar da ku tun yanzu, babbar da ke bayan na 7 wadda ke da allon suna a gindinta tana cikin masu tare hantsin.

Alhaji Babba: Na san ta, na san kuma mai sunan. A fara rage mata rassa a ga abin da shekara ɗaya za ta yi.

Injiniya: Alhaji in aka gina sabon girin a ƙarƙashinta aka jira shekara ya lalace, kuɗin ya tafi fa.

Ma'aji: To a bar na 7 a tara ta biyu in tara-tara za a yi, kafin a iso kansa an ga sakamakon rage rassan. Sakatare don Allah a sa abu biyu daban a takardar ƙuri'a, rufewa gaba ɗaya ko tara-tara, sannan tafki e ko a'a. Ni zan kawo lissafin kowanne kafin ranar taro, har da abin da za a riƙa ba kadi-kadi in an rufe.