Neman shawara kan fumfunar da ta kama sassaƙen magani

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana harkar lafiya da haɗa magunguna.

Mahaifiyata tana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma ta daɗe tana shan jiƙon sassaƙe da saiwoyi da muke ajiyewa cikin buhu a ɗakin hatsi, kusa da gyaɗa da masara. Bayan damina na buɗe buhun, sai na tarar wasu sun yi laima, fumfuna mai launin kore da ɗorawa ta lulluɓe su.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, irin wannan fumfuna tana iya fitar da gubar aflatoksin wadda ke lalata hanta, haɗarin kansar hanta kuma ya fi tsanani ga mai irin ciwonta. Na kankare su, na shanya a rana kwana uku, amma na fahimci ko tafasawa ba ta kawar da gubar, ido kuma ba ya ganinta.

Shin waɗanda suka yi kama da masu kyau suna da aminci, ko buhun duka zan zubar? Wane gwaji ya kamata likita ya yi mata, tunda ta riga ta sha?